Tambayi Goggo: Bargon da ya shekara biyu a ƙarƙashin gado

TAMBAYA

Assalamu alaikum Goggo. Ya Yamai, ya jikoki? Ni malamar lakwal ce a Tawa, ina zaune a unguwar Bilbis da ƴaƴana huɗu da uwar mijina. Maigidan yana Abijan wajen bida, sai shekara-shekara muke ganinsa. Shekara biyu ke nan da na ɗora saƙar bargo da kwarashi, da niyyar in sa shi cikin kayan ɗakin ƙanwata. An yi armen, har ta haihu, bargo bai kai rabi ba. Faɗinsa santimita 150, tsawon kuwa ya tsaya a 70, ga shi nan cikin buhu a ƙarƙashin gado. Duk ranar da na duƙa shara na gan shi sai raina ya ɓaci. A ɗarin da ya wuce na ga yadda tsohuwa take takurewa da asuba cikin zane biyu, na ce a raina ai ita ta fi cancanta da shi. To amma daga lakwal sai tukunya, daga tukunya sai duba takardun yara, kafin in idar da isha'i ido ya riga ya rufe. In warware shi ne in yi wa yara huluna, ko akwai dabara?

Maman Ƴan Biyu, Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka da wannan tunani da kika yi wa tsohuwa, ya kuma maido da maigida lafiya. Kada ki warware. Santimita 70 a faɗin 150 aikin watanni ne, kuma zaren da aka warware bayan ya shekara biyu a saƙe yakan fito a nannaɗe, hular ma ba za ta yi miki kyan da kike so ba.

Da na karanta wasiƙarki sai na gane inda ciwon yake, domin ya taɓa kama ni. Kin ɗauko bargon a matsayin abu guda, tun daga wannan baki har wancan. Farkonsa daɗi gare shi, yana tafiya kamar ruwa. Da ya kai tsawon kamu ɗaya da wani abu sai ya yi nauyi, layi guda ya koma cin rabin awa ko fiye, kuma dole sai kin shimfiɗa shi a cinya. Wa zai ɗora ulu a cinya cikin watan Afrilu a Tawa, rana tana wuce digiri 40, gumi yana bin bayan gwiwa? Saƙar da sai an sami wuri, an sami sanyi, an sami awa biyu babu mai kiran sunanki, wannan ba ta macen da ke da aji da tukunya da yara huɗu ba ce. Sai ki rage mata girma ta koma daidai aljihun lokacinki.

Ga yadda za ki yi. Abin da kika riga kika saƙa ki rufe bakinsa, ki bar shi ya zama tsakiyar bargo. Sauran ki yi shi gida-gida, kowane gida santimita 10 tsaye, 10 kwance. Gida 15 za su cika faɗin 150, layi ɗaya ke nan. Layi shida a sama, shida a ƙasa, gida 180. In kin haɗa su da tsakiyar kin sami tsawon 190, ki zagaye shi da baki na santimita 5, ya tashi 200 cif. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba kwana 275 ne. Ko gida ɗaya tak kike yi a yini, kina da rarar kwana 95, na azumi, na sallah, na ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi, na makon jarrabawa. Ga kuma babban hutu daga Yuli har zuwa komawar Oktoba, lokacin damina, garin ya ɗan yi sanyi, kina iya yin biyu ko uku. Gida ɗaya, in hannu ya saba, bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Tun kafin a buɗe kokowar takobi a ƙarshen shekara tsohuwa tana cikin bargonta in Allah ya so.

Na san za ki ce minti 20 ɗin ma ina suke. Suna nan, a warwatse ne kawai. Bari in gaya miki inda na tsinci nawa.

Shekarun baya mahaifiyata ta yi doguwar jinya a nan Yamai, ni ce mai kai ta asibiti daga Bukoki, sau biyu a mako. Mukan isa da sassafe mu hau benci, wani lokaci sai azahar ake kiranmu. Makonnin farko hannu biyu nake zama, ina kallon bango ina ƙirga damuwa. Wata rana na jefa dunƙulen zare da kwarashi cikin jaka. Ita tana jingine da kafaɗata tana jan tasbaha, ni ina jan zare, in na gama gida sai in ɗora mata a cinya ta shafa shi da yatsa ta ce, "Wannan ya fi na ɗazu laushi." Da haka na tara gida sama da ɗari a kan bencin nan, ban taɓa ware musu yini ba. Bargon ya rufe ta hunturu biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Yana nan wurina har yau, kuma in na taɓa wasu gidajen nakan tuna ranar da na saƙa su.

Ke ma kina da irin bencinki. Lokacin da yara suka fita shan iska a lakwal. Lokacin da wake yake kan wuta ba abin da zai yi sai dahuwa. Wajen adashi kafin mata su gama taruwa, gidan biki ana jiran abinci. Da dare, sa'ad da kike jiran kiran Abijan ya shigo. Zaman makoki kaɗai nake cewa a bar saƙa a gida, domin masu rashi suna bukatar su ga hankalinki yana wurinsu. Sai kuma waya, wadda ban so in yi dogon wa'azi a kanta, amma ki gwada yini ɗaya ki lura da mintin da WhatsApp yake ci miki bayan la'asar.

Sharaɗin dai shi ne kayan su kasance kusa da hannu, a shirye. Saƙar da ke cikin buhu, buhu a ƙarƙashin gado, gado a ɗakin da jariri ke barci, ba za a taɓa ta ba. Ki nemi gwangwanin madara babba mai murfin roba, ki ɗumama ƙusa ki huda tsakiyar murfin, ki goge bakin ramin ya yi santsi. Dunƙule yana ciki, zare yana fitowa ta rami, ƙura ba ta same shi, ba ya gangarawa ƙasa akuya ta bi shi. In za ki tashi, ki ja idon ƙarshe ya yi tsawo ki ɗaure shi da ɗan zare, saboda ƴan biyunki, yaro ba abin da yake so kamar ya ja zare ya ga yana warwarewa. Kuma kada ki tashi a ƙarshen gida. Ki ɗora na gaba, ko zagaye ɗaya ne, sa'annan ki ajiye. Abin da aka riga aka fara ya fi saurin kiran hannu.

Yanzu maganar zare, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen, in kin adana ta. Yawanci akwai lamba biyu, ta launi da ta tukunyar rini. Launi ɗaya daga tukunya daban yakan bambanta, a cikin shago ba za ki gani ba, sai kin fito rana. Ni na taɓa sayen kore a kashi biyu, wata huɗu tsakani, wurin mutum ɗaya, ya ce mini iri ɗaya ne. Da na shanya bargon sai ga shi rabi ganyen albasa rabi ganyen kuka. Na yi baƙin ciki ƙwarai, domin na wata amarya ne. Bayan shekara biyu da wuya ki sami tukunyar da kika fara da ita, don haka kada ma ki wahalar da kanki. Ki zaɓi launi biyu ko uku daban waɗanda suka dace da tsakiyar, ki saye su gaba ɗaya ranar Lahadi in kasuwa ta ci, ko ki ba da saƙo a kawo miki daga Ƙonni ko Yamai. Kaurin zaren ne dole ya zama ɗaya da na farko, ki tafi da guntunsa ki gwada. Kwarashin ma wanda kika fara da shi, lambarsa tana jikinsa.

Ki yanka kwali santimita 10 da 10 ki sa a gwangwanin. Duk gidan da kika gama ki ɗora a kai. Hannun mutum yana bin zuciyarsa, ranar da rai yake ɓace saƙa takan tsuke, ranar gajiya ta saki, in ba ki auna ba sai wajen haɗawa ki ga wani ya fi wani. Bakin zare kuma ki ɓoye shi da allura nan take. Gida 180, kowanne da jela biyu ko huɗu, in kika bar su sai ƙarshe, su kaɗai sun isa su mai da bargon cikin buhu. Duk gida 15 da suka cika ki haɗa layinsu a ranar hutu, ki rubuta a bayan littafinki na aji: layi na ɗaya, layi na biyu. Zare mai duhu ki bar shi da rana, mai haske da dare, don idonki.

Taura biyu ba ta taunuwa. Za a kawo miki saƙar hular jariri da safa, za a ce ai ke ce gwana. Ki ce sai bayan Nuwamba.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duka muhimmanci tunda na tsohuwa ne. Mafi yawan ulun da ke kasuwanninmu na roba ne, akirilik. Yana da sauƙin wanki, asu ba ya cinsa, amma ba ya shiri da wuta. In ya taɓa garwashi narkewa yake yi ya manne a fata. Tsofaffinmu kuwa kin san su da kaskon gawayi da asuba. Ranar da za ki ba ta shi ki gaya mata, ki gaya wa yara, in za ta ji ɗumi a kasko ta ajiye bargon a gado. Guga mai zafi ma kada ta hau shi.

TAMBAYA

Goggo, barka da aiki. Innarmu ta rasu bara, da aka raba kaya na sami zannuwanta shida na atamfa. Ina so in haɗa su in yi abin rufa da zan riƙa tunawa da ita. Wata takwas ke nan, kullum sai in ɗauko almakashi in kasa yankawa. Ban ma san ko za su isa ba.

Auta, Talaje, Yamai

AMSA

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Auta, wata takwas ɗin nan ban ga laifinki ba ko kaɗan. Zanen uwa ba ƙyallen tela ba ne.

Za su isa har su yi saura. Zane ɗaya yadi biyu ne, wajen santimita 180 a tsawo, 115 a faɗi. In kina yanka gida na santimita 12, wato 10 da rarar 1 a kowane gefe don ɗinki, zane mai lafiya zai ba ki kusan gida 135. Abin rufa mai 150 da 200 gida 300 yake ci, zane uku ke nan har da canji. Biyu ki haɗa su yadda suke, ba yanka, su zama bayansa. Na shidan, wanda kika fi ganinta da shi, ki ninke shi ki ajiye a akwati da busasshen ganyen dogon yaro, almakashi ba zai taɓa shi ba. Ina jin da zarar kin san akwai wanda zai zauna cikakke, hannunki zai saki.

Ki wanke su tukuna, kowanne daban, ki goge. Sa'annan ki ɗaga kowane zane ki duba shi a rana. Inda haske ya ratsa da yawa, galibi wajen zama da wajen ɗauri, ya mutu, ki kewaye shi. Yanka yana son natsuwa, ki ba shi safiyar Asabar biyu ko uku. Ɗinkin kuwa irin na Maman Ƴan Biyu ne, gida biyar a jaka da allura a zare, duk inda kika zauna. In fuskar ta haɗu, ki shimfiɗa baya a tabarma, ki ɗora tsohon zanen gado mai kauri a tsakiya, ki rufe da fuskar, ki kama su da dogon ɗinkin riƙo daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare.

Ki fara da wanda ba ta cika ɗaurawa ba. Ki kira yayarki ta riƙe miki ɗaya bakin, ku yi mata addu'a, ki yi bisimilla ki yanka gida ɗaya. In kin haɗa layin farko ki aiko mini da hotonsa, ina so in ga zannuwan Inna.