Fatawa: Hukuncin "buɗe cakra" da maganar jiki na biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun rasuwar mahaifiyata nake fama da rashin barci da ciwon baya. Na shiga wani ajin Reiki (wata hanya da ake cewa tana warkarwa da ɗora hannu) ta intanet, ana koya mana cewa mutum yana da jiki na biyu da ido ba ya gani, ƙarfin rai yana gudana a cikinsa ta mashiga bakwai da ake kira cakra, toshewarsu ce ke kawo ciwo. Miƙe gaɓoɓi da jan numfashin sun yi mini amfani. Yanzu malamar ta ce za ta "buɗe" ni daga nesa, ta ba ni alamomin sirri da zan riƙa zanawa a iska ina kiran sunansu. Musulma ce, ta ce wannan jikin shi ne ruhi, cakra kuma su ne laɗa'if, wato guraben zikiri a jiki, na sufaye. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ki lafiya.

Miƙe gaɓoɓi, tausa da jan numfashi halal ne. Tambayarki ta sauya ne a inda kika ce za a buɗe ki a ba ki alamomi. Wannan mataki bai halatta ba, kada ki shiga. Malamai sun haɗu a kan cewa ruƙiya, wato tofi, ba ta halatta da kalmar da ba a san ma'anarta ba, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Aufu bin Malik su bijiro masa da ruƙiyarsu kafin ya yarje musu. Abin da aka ce sirri ne sai an biya kuɗi, ta yaya za a bijiro da shi? Reiki ɗin ma wani Bajapane ne, Mikao Usui, ya kafa shi a 1922, bayan kwana 21 yana azumi da kaɗaici a dutsen Kurama, ya ce a can ƙarfin ya sauko masa. Buɗewar da za a yi miki isnadinta can yake tuƙewa.

Sai maganar cewa jikin nan shi ne ruhi. Na san wasu masu ilimi sun karkata gare ta, suna cewa suna ne kawai ya bambanta, kuma suna kawo hujja da Ibnul Ƙayyim da ya siffanta ruhi da cewa jiki ne laɗifi mai haske, yana ratsa gaɓoɓi kamar yadda mai ke ratsa zaitun, wuta ke ratsa gawayi. Maganarsa ce kuwa. Amma ina ya ce ruhin yana da ƙofofi bakwai, ko yana toshewa, ko wani ya iya zuba masa ƙarfi da tafin hannu? Kama a siffa ɗaya ba ta mayar da abu biyu ɗaya. Abin da muka sani game da ruhi ta wahayi muka san shi, kuma ayar Suratul Isra'i da ta yi magana a kan ruhi ta riga ta gaya mana iyakarmu.

Cakra kalmar Sanskrit ce, ma'anarta ƙafar keke ko da'ira. A littattafan Tantra na Indiya kowace tana da abin bautar da ke zaune cikinta da kalmar da ake maimaita mata, manufar kuwa a tashi kundalini, wani ƙarfi da suke siffanta shi da macijiya a naɗe a ƙasan gadon baya, ya hau ya haɗu da abin bautarsu Shiva a tsakar ka. Turawa sun ɗauko wannan ta hannun ƙungiyar Tiyosofi da aka kafa a birnin New York a 1875, da fassarar John Woodroffe ta 1919, daga baya aka goge sunayen gumakan aka sa launuka. Laɗa'if ɗin ɗariƙar Naƙshabandiyya kuwa, wato ƙalb, ruh, sirr, khafi da akhfa, ko malamai sun yi saɓani a kan ayyana musu gurabe a ƙirji, masu su zikirin Allah suke nufi da tsarkake zuciya, ba su taɓa cewa maganin ciwon baya ba ne. Wanda ya ɗora Asma'ul Husna a kan cakra ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kura fatar akuya ne.

In kuma an ce ai kimiyya ce, ke kin fi ni sanin ɗakin gwaji. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga gwajin wata yarinya, Emily Rosa: masu da'awar jin wannan ƙarfi su 21, aka kare musu gani, aka ce su faɗi wane hannunsu ne nata yake kusa da shi. Kashi 44 cikin ɗari suka dace, ko canki-canka bai kai ba. Riƙon abin da shari'a ba ta sa shi sababi ba, gwaji ma bai tabbatar ba, ƙaramin shirka ne a wurin malamai da yawa. Wanda ya ƙudurce cewa ƙarfin da kansa yake warkarwa, lamarinsa ya fi haka muni. Ban ce ki kafirta malamar ba, mai yiwuwa ita ma haka aka koya mata. Ki yi mata nasiha a keɓe.

Abin da ya wuce ba ki sani ba, istigfari ya isa. Amma 'yar'uwa, kada ki gwada wannan a kan marasa lafiyar da ke hannunki, amana ce, kuma mara lafiya duk abin da mai farar riga ta faɗa gaskatawa yake yi. Sannan na lura rashin barcin da rasuwar tare suka zo. Baƙin ciki ne bai sake ki ba. Ki ga likita a kan barcin da bayan, ki samu wadda za ki riƙa buɗe wa cikinki a dangi, ki yi wa mahaifiyarki sadaka. Da dare ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafinki ki shafe jikinki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito.

Wallahu a'alam.