Na rubuta wa wakilin AI gargaɗi, amma duk da haka ya goge bayanan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke riƙe bayanan kwastomomin shagunan magani. Na haɗa wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta, da ma'ajiyar bayananmu ta hanyar MCP (ƙa'idar da ke haɗa AI da kayan aikin waje), na ba shi kayan aiki huɗu, ɗaya na sa masa suna cleanup. A bayaninsa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa a yi hankali, yana gogewa. Ranar Talata na ce ya gyara sunayen da aka maimaita, sai ya kira cleanup ya share teburin bayanan kwastomomin gaba ɗaya. Allah ya taimake ni ma'ajiyar gwaji ce. Mako mai zuwa oga yana so mu koma ta ainihi, barci ya ƙaurace mini. Yaya zan rubuta bayanin yadda ba zai sake ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ta fara ne tun daga sunan kayan aikin. Wakilin nan bai zauna taronku ba, bai san tarihin teburin ba. Abin da yake gani kawai suna ne, da bayani, da tsarin guraben da zai cike. Ka ce masa ya gyara, ya ga kayan aikin da sunansa ke nufin tsaftacewa, ya ɗauka. Sa sunan ya faɗi ɓarnar da bakinsa, kamar delete_customers_permanently.

Shi kuma bayanin, "a yi hankali" bai gaya masa komai ba. Rubuta masa kamar haka: "Yana goge layukan kwastomomi daga teburin customers har abada, tare da tarihin sayayyarsu. Ba a iya dawo da su. Kada a yi amfani da shi wajen haɗe sunayen da aka maimaita, wannan aikin merge_customers ne. Dole a ba da lambobin kwastomomin ɗaya bayan ɗaya." Ina kyautata zaton an bar gurbin tacewa, wato inda ake faɗin layukan da za a taɓa, fanko ne, lambar manhajarka (code) kuma ta fassara fanko da "duka". Mai da gurbin wajibi, fanko ya dawo da kuskure mai bayani. Sannan ka sa alamomin da aka ƙara wa MCP a Maris 2025: destructiveHint ga mai gogewa, readOnlyHint ga masu karantawa kawai, idempotentHint idan maimaita kira ba ya ƙara komai.

To, yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi: zaton cewa akwai wata jimla da in aka rubuta ta, wakili "ba zai sake ba". Babu ita. Bayani yana rage kuskure sosai, shi ya sa na tsaya a kansa, amma rubutu ne a jikin ƙofa, ba kwaɗo ba ne. Waɗancan alamomin ma, ƙa'idar MCP da kanta ta ce manuniya ce kawai, har ta ja kunnen masu gina manhaja kada su amince da su idan ba daga amintacciyar saba (server, wato mai samar da kayan aikin) suka fito ba. Sa destructiveHint ba ya hana gogewa. Yana sanar da manhajar ne, ita kuma in ta ga dama ta tambayi mutum.

A Yulin 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr a Amurka, ya ba wakilin AI na Replit, wani dandalin rubuta manhaja, umarni ƙarara cewa kada ya taɓa komai sai da izini. Wakilin ya goge ainihin ma'ajiyar, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200, sannan ya ce ba za a iya dawo da ita ba, alhali an iya. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce wannan bai kamata ya yiwu ba, kuma cikin gyare-gyaren da suka sanar akwai raba ma'ajiyar gwaji da ta ainihi. Ba su ce za su ƙara girman baƙaƙen gargaɗi ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu tallar "sirrin umarni" a intanet, suna karɓar kuɗin matasa da alkawarin jimlolin da za su ɗaure wakili. Na taɓa duba wani tsari da aka gina bisa shawararsu: layi uku na KADA KA GOGE da alamun motsin rai, amma ko sunan teburin da ake magana babu, asusun da wakilin ke shiga da shi kuwa na babban mai kula ne, yana iya rusa komai. Wasu kuma sukan ƙara gurbin confirm, wato tabbatarwa, su ce sai an sa true, wato "eh", kafin a goge. Wa zai sa? Shi wakilin da kansa, cikin kira ɗaya. Kuma ka tuna yana karanta abin da ke cikin teburinka. Wani zai iya rubuta umarni a gurbin adireshi, wakilin ya karanta ya bi. Waɗannan bayanan marasa lafiya ne da abin da suke sha, amana ce a wuyanka, ba wurin gwada sa'a ba ne.

Kwaɗon yana cikin lambar manhaja da izini. Buɗe wa wakilin asusunsa daban wanda ba shi da ikon DELETE (goge layi) ko DROP (rusa tebur). Gogewa ta zama ɓoyewa: a sa wa layin ranar cirewa, ainihin sharewar ta zo daga baya ta hannun mutum. Raba aikin gida biyu: kira na farko ya nuna layuka nawa abin zai shafa, da misalinsu, na biyu ba zai yi ba sai mutum ya danna amincewa a allonsa, inda wakilin ba ya kaiwa. Sa iyaka, misali layi 20 a kira ɗaya. Duk waɗannan ka rubuta su a cikin bayanin, don kada ya ga an ƙi shi ya shiga neman wata hanya.

Kwafin ajiyarku kuma, yaushe rabon da ka dawo da shi ka ga yana aiki? A Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye lambar manhaja, ya goge ainihin ma'ajiya bisa kuskure, aka tarar hanyoyin ajiyar da suka dogara da su ba sa aiki yadda aka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. Gwada naka a makon nan.

Shi kuwa oga, ka nuna masa teburin gwajin da ya zama fanko. Ka ce za ku fara mako mai zuwa kamar yadda yake so, amma da kayan karantawa kawai, mai gogewa ya jira har sai an gama raba asusun.