Guguwar dusar ƙanƙara na tafe: in tanadi gawayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Buffalo ta jihar New York, wannan ne hunturuna na farko a nan. Yarana biyu, ƙaramar watanta bakwai, maigida kuma direban babbar mota ne, yana kan hanya. An sanar cewa guguwar dusar ƙanƙara za ta sauka ƙarshen mako, har na ga a talabijin sun sa mata suna. A zauren WhatsApp ɗinmu na mata an ce duk guguwar da aka raɗa wa suna mai kisa ce, kuma za a ɗauke wuta kwana da kwanaki. Wata ta ce in sayi gawayin gashin nama, in hura a waje, idan ya yi ja ya daina hayaƙi in shigo da shi ɗaki. Wallahi ko barci ba na iyawa. Wa ke sa sunan nan, kuma me zan tanada?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, kina da lokaci. Amma gawayin nan, idan kin riga kin saya, ki bar shi a waje, kada ya tsallaka ƙofarki. Zan dawo kansa.

Batun suna ba shi da wuya. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ba ta raɗa wa guguwar hunturu suna. Tashar talabijin ce mai zaman kanta, The Weather Channel, ta ƙirƙiro abin a hunturun 2012, ta fara da Athena a watan Nuwamba, hukumar kuwa ta umarci ma'aikatanta kada su yi amfani da sunayen. Tashar tana duba yawan mutane da faɗin ƙasar da gargaɗin hukuma ya shafa, ta ɗauko suna na gaba a jerin da ta riga ta tsara tun kafin sanyi ya shigo. To kin ga sunan yana nuna faɗin abin ne, bai auna abin da zai faru a unguwarku ba. Ku da ke bakin tafkin Erie ma, iska mai sanyi kan ɗebo danshi daga tafkin ta jibge muku dusa a 'yan unguwanni kaɗan, ta binne motoci, alhali nesa kaɗan da ku rana ake yi. Mahaukaciyar guguwar teku ita ce ke da suna na hukuma, daga jeri shida da Hukumar Yanayi ta Duniya ke juyawa, ana cire sunan wadda ta yi mummunar ɓarna, kamar Katrina ta 2005. Birtaniya da Ireland kuma tun 2015 hukumominsu ke sa wa guguwa suna. A inda kike, sanarwar hukuma da ke shigowa wayarki za ki bi. Idan kin ga Watch, wato guguwar na iya zuwa, ki kammala shiri. Idan kin ga Warning, wato tana dab da sauka ko ta fara, ki zauna a gida. Idan aka ce Blizzard Warning, ana nufin iska mai gudun mil 35 a awa ko fiye, da dusar da ba a ganin abin da ya wuce rubu'in mil, har tsawon awa 3.

Yanzu gawayi. Duk shekara sai na ji wannan magana daga mutanenmu, kullum kuma da hujja ɗaya: ai ya daina hayaƙi. Hayaƙin da kike gani ba shi ke kisa ba. Abin da ke kisa iskar kabon monoksaid ce, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi jawur ya lafa yana nan yana fitar da ita, kuma yayin da iskar ɗakin ke raguwa sai ya ƙara fitarwa. Gara ma mai hayaƙin, shi zai kore ki daga ɗakin. Wannan iska tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jinin ya riƙa zagaya jiki bai ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke bukata ba. Farko ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya, kasala. Uwa ta ce mura ce, ta sha maganin ciwon kai, ta ja bargo. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake wucewa. Jaririyarki mai wata bakwai ita za ta riga kowa jigata, kuma ba ta da bakin da za ta ce kanta na ciwo. Za ki ga ta yi laushi ta ƙi nono, ki ɗauka barci ne.

Na san abin da za a ce: a gida muna kwana da kasko lokacin jaura, ana gasa ɗakin maijego, ga mu da rai. Ɗakinmu na gida iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsakanin kwano da bango, ta tagar da ba ta rufuwa da kyau. Gidan Buffalo kamar kular abinci aka gina shi, gilashi biyu a taga, roba a bakin ƙofa, don kada ɗumi ya fita. Abin da ya hana ɗumi fita shi zai hana guba fita. Kuma ko a gidan, sau nawa aka wayi gari an tarar da iyali guda a mace, janareta na aiki a baranda ko a lungun ɗaki, mutane su ce abinci aka sa wa guba, ko sammu ne? Janaretan nan ne.

Sai dabarun likitocin WhatsApp. A sa kwanon ruwa kusa da garwashin, a yayyafa gishiri, a yanka albasa a ajiye, a ɗan buɗe taga. Babu ko ɗaya da ke tsare rai. Ruwa ba ya shanye wannan iska, albasa ba ta san da ita ba, ɗan buɗe taga kuma bai isa ba. Wanda ya shaƙa, sai ka ji an ce a ɗura masa madara ko manja. Mutumin da ke magagi aka ɗura wa abu, huhunsa zai tafi. Maganinsa a fitar da shi waje nan take, a kira lambar gaggawa ta 911, a asibiti a sa masa iskar numfashi tsantsa. Alamar da za ki riƙe ita ce, idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda, ko kika ji sauƙi da kin fita waje, ki kwashi yara ku fita, ko da takalmi ba ki samu sawa ba.

Ba tatsuniya nake miki ba. A Fabrairun 2021, lokacin guguwar da tashar nan ta kira Uri, gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta a Texas. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, 19 daga cikinsu wannan iska ce ta kashe su, wasu a motar da suka tayar cikin gareji don su ji ɗumi. A garinku ma, guguwar da ta faro ranar 23 ga Disamba 2022 ta zubar da dusa sama da inci 50, ta kashe fiye da mutum 40, har aka kai lokacin da motocin asibiti da na kashe gobara ba sa iya fita. Wanda ya sa wa kansa guba a irin wannan dare, ko ya kira, ba lallai a iso gare shi ba.

Hukuncin gawayi shi ne hukuncin murhun gas da tanda, ba a ɗumama ɗaki da su. Janareta a waje, ƙafa 20 aƙalla daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da a buɗe yake. Ki duba yau ko gidanku na da ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, ki danna maɓallin ki ji ta yi kuka. Dokar jihar New York ta wajabta ta tun 2010. Idan babu, ki gaya wa mai gidan haya, amma kada ki zauna jiran ya cike takardu, ki saya da kuɗinki, ku yi lissafi daga baya. Ki kuma gano inda bututun hitar gidan ke fitar da iska ta waje, ki riƙa share dusar da ta taru a bakinsa. Idan ya toshe, iskar ciki take komowa.

Sauran shirin mai sauƙi ne. Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kullum, na kwana 3. Abincin da ba sai an dafa ba: burodi, dabino, gyaɗa, garin kwaki, kifin gwangwani, da kayan jaririya da magunguna. Tocila da batir maimakon kyandir, waya cike da caji. Idan wuta ta ɗauke, ku tattaru a ɗaki guda, ki toshe ƙasan ƙofa da tawul, ku sa kaya kashi-kashi, hula da safa, jaririya a jikinki, fuskarta a buɗe. Ki bar famfo yana ɗiga don kada bututu ya daskare ya fashe. Idan sanyin ya fi ƙarfinku, ki kira 211 tun da wuri su gaya miki wurin fakewa mafi kusa.

Maigida kuma ki kira shi yau. Idan ba zai iso kafin guguwar ta sauka ba, ya tsaya inda yake. Idan ta rutsa da shi a hanya, ya zauna cikin motar, ya tayar da inji kamar minti 10 a kowace awa, kafin kowace tayarwa ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba.