Amsa ga Malamar da ke tambaya kan shiga ƙungiyar masu makarantu

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi da na ga tambayarki, wai ki shiga ƙungiyar masu makarantu ko kuwa kuɗin wata-wata kawai za su dinga karɓa a banza, sai na ji kamar ni na rubuta. Ki shiga 'yar uwa, ki shiga tun kafin a cuce ki.

Tawa makarantar a Agege take, firamare da islamiyya a haɗe, kuma kin san halinmu a Legas, ba ma son zaman taron da rabinsa Yarbanci ne. Ina nan ni kaɗai sai ga wani mutum da kaya sun sha guga da jakar fayil, wai ya san kowa a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar Legas take, zai fito min da takardar amincewar gwamnati. Maƙwabcinmu ne fa ya kawo shi, sahu ɗaya suke sallah. Na ba shi kuɗin da na tara na gyaran rufi, ya dawo ya ce saura na masu duba gini, na ƙara, ya ce saura na 'yan kwana-kwana, na ƙara, daga nan waya a kashe. Ruwan watan Yuni ya sauko yana zuba kan 'yan aji biyu muna tara bokiti, malamaina ba albashi, iyaye kullum sai sun tambaya ina takardar, shi kuwa maƙwabcin cewa ya yi ai shi haɗa mu kawai ya yi. Har yau ina ganin mutumin wajen Pen Cinema yana kau da kai. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ranar da na fara zuwa taron NAPPS, wato ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta ƙasa, na yankinmu, wata dattijuwa Bayarbiya ta zaunar da ni, ta lissafa min takardun da ake nema ɗaya bayan ɗaya, ta ce ki je ma'aikatar ilimi da ƙafarki, kar ki ba kowa ko sisi sai da rasit. Ba ta karɓi ko kwabona ba. In kuɗin makarantarki kaɗan ne ki tambaya a kan ƙungiyar AFED, su masu ƙananan makarantu suka fi haɗawa. A taron NAPPS ɗin na gane maganar rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, ba wasa ba ce, ki matsa wa malamanki masu NCE su yi, kodayake wani yana samu zai gudu ya bar ki a tsakiyar zango, wannan kuma wani ciwon ne daban. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, a guruf ɗinsu na WhatsApp muke jin sanarwa ta gaskiya, ba ta 'yan kanzon kurege ba.

Ba wai ba su da matsala ba fa. Taro sai a kai la'asar, ga anko, ga rigimar zaɓe, kuma 'yan Arewa ba mu da yawa balle a saurare mu kan hutun sallah da tashin Juma'a, shi ya sa ma nake so ki zo mu ƙaru. Af, ki sa lauya ya duba yarjejeniyar hayarki, masu gida in suka ga yara sun yi yawa sai su ninka kuɗi.

Wace unguwa ma kike? In kusa ne sai mu tafi tare taron wata mai zuwa insha Allah.