James Ward, matashin da ya fita kan fiffiken jirgi yana cin wuta

Tambaya: Malam, na ci karo da sunan wani sojan sama mai suna James Ward, wanda aka ce an kashe shi a Yaƙin Duniya na Biyu yana ɗan shekara 22, kuma har yau ana tunawa da shi. Wane ne shi, kuma ya dace a girmama mutumin da aikinsa shi ne zuba bama-bamai a kan garuruwa?

Amsa: James Allen Ward ɗan ƙasar Niyu Zilan ne, an haife shi a garin Wanganui ranar 14 ga Yuni, 1919. Malamin makarantar firamare ne kafin ya shiga aikin sojan sama a 1940, daga nan aka tura shi Ingila, inda ya zama mataimakin matuƙi a runduna ta 75 da ke sansanin Feltwell, wadda ke amfani da jiragen jefa bam samfurin Wellington.

Abin da ya fito da sunansa ya faru ne a daren 7 ga Yuli, 1941. Suna dawowa daga kai hari birnin Munster na Jamus, sai wani jirgin yaƙin Jamusawa ya buɗe musu wuta a sararin samaniyar Holand, bututun mai ya fashe, gobara ta tashi a fiffiken dama kusa da inji. Sun gwada na'urar kashe gobara, har ma kofin da ke cikin filas ɗinsu suka watsa, amma wutar ta yi musu nisa. Sai Ward ya sa aka ɗaure shi da igiya, ya fita ta ƙaramar ƙofar da ke saman jirgin, alhali suna kimanin ƙafa 13,000 daga ƙasa. Da yake jikin Wellington ƙarafa ne da aka saƙa aka lulluɓe da yadi, ya riƙa huda yadin yana samun wurin sa hannu da ƙafa, har ya isa inda wutar take, ya cusa tamfol a cikin ramin. Iska ta fizge tamfol ɗin, amma wutar ba ta ƙara samun yadin da za ta ci ba, daga baya ta mutu da kanta, jirgin kuma ya sauka a Newmarket da mutanensa duka a raye. A watan Agusta aka ba shi lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita wajen jarumta a rundunonin Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta a lokacin.

Bai daɗe ba bayan haka. A daren 15 ga Satumba, 1941, yana jagorantar nasa jirgin, aka harbo shi a kan birnin Hamburg na Jamus, mutum biyu kaɗai daga cikin ma'aikatan jirgin suka tsira ta lema, shi kuwa ya mutu a ciki. Irin wannan ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wannan aiki, domin daga cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a jiragen jefa bam na Birtaniya, 55,573 ne suka rasa rayukansu, yawancinsu kuma samari ne masu shekarun Ward ko kusa da haka.

Kashi na biyu na tambayarka shi ne mai nauyi, kuma ba kai kaɗai ya dama ba, har Turawan Ingila kansu sun daɗe suna fama da shi. An binne Ward a maƙabartar Ohlsdorf da ke Hamburg, a sashen da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ke riƙewa, wato hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama. A cikin wannan maƙabarta ɗaya kuma akwai babban kabarin da aka zuba dubban mazauna birnin waɗanda hare-haren jiragen Birtaniya da ƙawayenta na watan Yulin 1943 suka ƙone, lokacin da mutum kusan 40,000 suka halaka cikin 'yan kwanaki, galibinsu fararen hula. Ward ya riga ya mutu kusan shekara biyu kafin wannan, kuma umarnin da ya mayar da unguwannin jama'a abin hari a fili ya fito ne a watan Fabrairun 1942, to amma ba zan ce maka bama-baman 1941 ba su faɗa kan gidajen mutane ba, domin a lokacin jiragen da ke tashi da dare ba su cika samun inda aka aike su daidai ba.

Ana ganin saboda wannan nauyi ne Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, bai ambaci rundunar jefa bam ba a jawabinsa na nasara a 1945, kuma sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa na ƙasa a Green Park da ke Landan. Iyaye da yawa sun mutu ba su ga wannan rana ba.

Ra'ayina shi ne ya dace a tuna da Ward, domin abin da aka ba shi lamba a kai ceton abokan aikinsa ne da ya yi da kasadar ransa, kuma saje ɗan shekara 22 ba shi ne ke zaɓen garin da za a kai wa hari ba. Alhakin manufar yana wuyan shugabannin da suka tsara ta, a kansu ya kamata tarihi ya tsananta bincike. Sai dai ba na yarda da irin tunawar da ke ba da labarin fiffike mai cin wuta ta yi shiru a kan waɗanda ke ƙasa. Masu gina wurin tunawa na Green Park sun fahimci haka, shi ya sa rubutun da ke jikinsa ya haɗa da mutanen kowace ƙasa da ruwan bama-bamai ya kashe daga 1939 zuwa 1945.