Wani yana sayar da jirgin da na ƙera wa FlightGear: ina da hujjar kai ƙara?

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya shafe kusan shekara biyu yana ƙera samfurin ƙaramin jirgin sama domin FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi da ake rabawa kyauta tun 1997, ya kuma saka shi a rumbun jiragen manhajar mai suna FGAddon. Yanzu ya tarar wani ɗan kasuwa yana sayar da manhajar da wani suna dabam, jirginsa na ciki, amma an goge sunansa. Yana son ya janye aikinsa, ya kuma kai ƙara.

Malam, zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: sayarwar ita kaɗai ba laifi ba ce. FlightGear tana ƙarƙashin lasisin GNU GPL bugu na 2 (takardar izinin da ke fayyace yadda za a yi amfani da manhajar da kuma raba ta), wanda gidauniyar Free Software Foundation ta fitar a 1991, kuma FGAddon ba ya karɓar jirgi sai mai shi ya amince da wannan lasisi. Ranar da ka amince, ka ba kowa izinin ya kwafa, ya gyara, ya raba, har ya karɓi kuɗi a kai. Haƙƙin mallaka yana nan a hannunka, domin ba sayar da shi ka yi ba, amma izinin da ka riga ka bayar a kan kwafin da ya fita ba ya janyuwa muddin mai riƙe da shi yana bin sharuɗɗa. Kana iya fitar da sabon aikinka da wani lasisi, matuƙar babu gumin wani a cikinsa.

Hujjarka tana wajen sharuɗɗan. Lasisin ya wajabta wa mai rabawa ya bar sanarwar haƙƙin mallaka yadda ya same ta, ya haɗa da kwafin lasisin, ya bayyana fayilolin da ya sauya, sannan ya ba mai saye rubutun asali na manhajar (wato lambobin umarnin da aka gina ta da su) ko rubutaccen alkawarin bayar da shi wanda zai yi aiki aƙalla shekara 3. Sashe na 4 na lasisin ya ce duk wanda ya saɓa, izininsa ya faɗi nan take. Saboda haka, idan da gaske an cire sunanka daga fayilolin, mutumin yana raba kayanka ne ba da izini ba. Kotuna sun tabbatar da ƙarfin irin waɗannan lasisi: wata kotu a Munik ta Jamus ta yi haka a 2004, haka ma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka a 2008, a shari'ar Jacobsen da Katzer kan manhajar jiragen ƙasa na wasa.

Sai dai kafin ka ɗaga murya, ka leƙa cikin jakarka. Buɗe fayilolin jirgin ɗaya bayan ɗaya. Hoton allon ma'aunai da ka manna a ɗakin matuƙi, kai ka ɗauka ko a intanet ka tsinta? Ƙarar injin fa, ba daga wata manhaja ta kuɗi ka ciro ba? A ganina, nan ne masu sha'awa suka fi yin tuntuɓe, musamman da kayan da lasisinsu ya hana kasuwanci, domin irin wannan sharaɗi ba ya zama inuwa ɗaya da GPL. Tambarin kamfanin jiragen sama a jikin jirgin kuwa batu ne na alamar kasuwanci, wanda lasisin bai shafa ba. In ka sami irin wannan, sanar da masu kula da rumbun, ka maye gurbinsa.

Bayan nan ka adana shaida: hotunan tallar, kwafin da ake sayarwa, da tarihin rumbun da ke nuna ranar da ka saka kowane fayil. Rubuta wa mai sayarwar takarda, ka ba shi wa'adin mayar da sunanka da lasisin. In ya yi kunnen uwar shegu, nemi kamfanin da ke ɗauke da tallar ya sauke ta. Wata dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998 ta tanadi wannan hanya, haka ma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. Yarjejeniyar Bern ta 1886 ta sa ana kare aikinka a ƙasashen da suka sa hannu ba tare da rajista ba, amma shari'a a ƙasar waje tana cin kuɗin da zai iya zarce diyyar da za ka samu, don haka kada ka shigar da ƙara sai lauya ya ga takardunka ya kuma gano inda mai sayarwar yake zaune.