Inji ya tashi, kik ya ƙi saki: sai na sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san matsalar waya da kwamfuta aka kawo maka, amma a taimaka. Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano. Kwanan nan in na tada ta, inji ya kama, na saki makulli, sai in ji ƙara tana ci gaba daga ƙasan inji. Jiya kuwa na kashe ta, na zare makulli, kik bai daina juyi ba har sai da munka cire kan batir. Rewaya ya ce in sayo sabon kik. Mi ad dalili, kuma sayen sabon zai yi magani? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ka ɓata hanya ba, wannan ma zancen lantarki ne. Kuma kun yi daidai da kuka cire kan batir, don da an bar shi minti kaɗan yana juyi, da kik ya ƙone, wayoyi su narke, wani lokacin har gobara.

Kada ka sayi komai tukuna. Kik da ya ƙi tsayawa, ko dai shi ne ya maƙale da kansa, ko kuma wani abu ne daga sama yake ci gaba da ba shi umarni. In na biyun ne, ko sabo fil ka ɗaura, haka zai yi.

Ga yadda abin yake aiki. A bayan inji akwai babban faifan ƙarfe da makanikai ke kira fulawil, gefensa zagaye da haƙora sama da 100. Kik kuma yana da ƙaramin giya mai haƙora 9 zuwa 11, wanda rewaya ke ce wa bendis. A jikin kik akwai solonoid, wato makunni mai aiki da maganaɗisun lantarki, kuma wayoyi biyu ne ke zuwa masa daga waje: katuwa kai tsaye daga batir, wadda kullum da wuta a cikinta, da siririya da ke samun wuta kawai idan ka murɗa makulli zuwa ƙarshe. Siririyar tana samun wuta, solonoid ya tura bendis cikin haƙoran fulawil, ya kuma haɗa wasu tagulla biyu a cikinsa, wuta mai ƙarfin amfiya 100 zuwa 200 ta wuce ta juya inji. Ka saki makulli, sifirin ya dawo da komai baya.

To ka duba lissafin haƙoran nan. Duk juyi ɗaya na inji, bendis na yin sama da goma. Inji yana silo a juyi 800 a minti, bendis na kan 8,000. Ka taka totur zuwa 3,000, ya haura 30,000. Akwai ɗan kulocin da ke cikin bendis don kare kik daga wannan gudun, amma na daƙiƙu aka yi shi, ba na tafiyar Sakkwato zuwa Boɗinga ba.

Gwajin da nake so rewayanka ya yi ba ya cin minti goma. Mota a tsaye, giya a firi, an ja birkin hannu, makulli a aljihunka. Ya zare siririyar wayar nan daga jikin solonoid, sannan a taɓa kan batir a wurinsa. Idan kik ya zabura ya ci gaba da juyi alhali siririyar ba ta jikinsa, laifin na solonoid ne, tagullar da ke ciki ta narke ta manne. Idan kuwa ya yi shiru, sai a sa fitilar gwaji a bakin wayar da aka zare, a gwada da makulli a kashe, a kuma gwada da shi a inda fitilun dashbod ke kamawa. Fitila ta kama a ɗaya daga cikin biyun, kik ba shi da laifi, wuta ce ke zuwa masa lokacin da bai kamata ba.

Daga nan a bi wayar zuwa sama. A fara da rile na kik, wato ɗan makunnin da ke ba siririyar wayar wuta, da ke cikin akwatin fis, don shi ya fi arha, kuma sau da yawa akwai irinsa a gefe da za a musanya a gani. Sai makunnin da makulli ke shiga: in ka murɗa ka saki, yana dawowa da kansa da ƙarfi, ko sai ka taimaka masa? Masu rataya tarin makullan gida da na shago a jikin na mota, nan suke fara ganin sakamako. Sai kuma abin da ni nake fara zargi a motocinmu, wato aikin da aka yi daga baya: an sa tiraka mai bin sawun mota, ko ƙararrawar ɓarayi, ko wani ya yi dabarar maɓallin tada mota, aka murɗe waya da hannu aka naɗe da salatif. Zafin Sakkwato a watan Afrilu, da ke wuce digiri 40 tun kafin a ƙara da na inji, ba ya barin salatif ya daɗe. Waya biyu su haɗu, shi ke nan.

Yadda ka bayyana naka, ya fara da ɗan jinkirin saki, daga baya ya ƙi tsayawa ko da an zare makulli, na fi karkata ga solonoid ko rile. In solonoid ne, a motocin Japan da dama ana buɗe shi a canza tagullar da sandar da ke haɗa su, ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba. Amma a nan ne mutane ke yin asara sau biyu, domin ba sa tambayar abin da ya narkar da tagullar. Mafi yawan lokaci batir ne mai rauni, ko kan batir da ya yi farin gari ya saki. Idan wuta ta yi ƙasa, solonoid ba ya danne tagullar da kyau, sai ta riƙa karkarwa, wannan "ƙat-ƙat-ƙat" da kake ji da safe, kowace karkarwa kuma tartsatsi ne, kamar mai walda yana ɗiga wa ƙarfe wuta. Saboda haka a sa mita a batir: cikakke yana nuna kusan volt 12.6 mota a kashe, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik ke juyi. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda.

Kafin a gyara, ka ajiye sifana lamba 10 kusa da kai. In ya sake faruwa, kashe inji tukuna, sannan ka cire kan batir mai alamar ragi. Kada a cire batir inji na aiki, yana iya taɓa kwamfutar motar. Dukan kik da sifana da ake yi a bakin titi yana iya sa shi ya saki a ranar, yana kuma iya fasa maganaɗisun da ke ciki.

Tambaya: Ni tawa ƙarar ba ta daɗewa, daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan inji ya tashi, ta fi yawa da sanyin safiya lokacin hunturu. In na kashe mota shiru nake ji. Daga wata mai karatu a Arkilla.

Amsa: Hajiya, naki ya fi kama da datti. Bendis yana zamewa ne a kan sanda mai tsaga-tsaga, kuma idan an lafta mata giris, ƙurar hunturu ta sauka a kai, sanyi ya daskarar da shi, sai bendis ya riƙa komawa da ƙyar. A sauke kik, a wanke sandar tas, a shafa mai kaɗan, a duba sifirin ko ya gaji. A tabbatar kusoshin da ke riƙe kik sun ɗauru, don in ya karkace haƙora na cijewa. In kuma an taɓa canza miki kik, a ƙirga haƙoransa a gwada da na asali.

Tunda an sauke kik, ki sa makanike ya haska tocila ta ramin da kik yake shiga, a juya inji da hannu a hankali ya duba haƙoran fulawil zagaye. Inji mai silinda huɗu yakan tsaya a wurare biyu ne kusan kullum, don haka lalacewar a nan take taruwa, sauran kuma su yi kyau su ruɗi mai dubawa. Kada ki jinkirta, domin canza haƙoran fulawil sai an sauke giyabos.